Bindiga a Gidan Gwauruwa

Ina rubuta kwanan wata a kan allo a aji uku sai na ga mutum a bakin ƙofa. Shugabar zumuntar mata ta cocinmu ce, ta zo babu ɗankwali a kanta. Shekara da shekaru na san matar nan, ban taɓa ganin gashinta ba sai ranar. Ta ce, "Malama, ajiye alli ki zo." Na ce ta bari in ba yara aiki tukuna. Ta ce, "Ajiye kawai."

A gona suka sami mijina, da hantsi, shi da mutum biyu da ke taya shi rufe citta da ganye. 'Yan bindiga ne suka fito daga daji a kan mashin. Mutum ɗaya ya tsira, shi ya kawo labari gari. Iyakar abin da na sani ke nan, ban kuma nemi ƙari ba. Yadda na gan shi kuwa, ba zan rubuta ba.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a ƙauyen, can bayan Fadan Kagoma. Daga katangarmu sai hanyar gona, sai daji. Mu biyu muka gina shi, ɗaki bayan ɗaki. Ni na ɗebo ruwan kwaɓa ƙasar ɗakin farko, ina da cikin babbar 'yarmu. 'Ya'yanmu uku ne, duka mata. Babbar tana karatu a kwalejin ilimi ta garin Gidan Waya, biyun suna sakandare.

Mako guda bayan biso, wato jana'iza, dangi suka zauna a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Wan mijina ne ya riƙe magana, dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, yana zaune a Kafanchan. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa. Shi ya fi kowa kuka a bakin kabari. Da aka gama addu'a ya shiga ɗakin ƙanensa ya fito da bindigar tokar da marigayi ke korar birai da ita a gona. Ya naɗe ta a buhu ya jingina da kujerarsa.

Na ce, "Baba, ina za a kai ta?"

Ya ce, "Matarmu, kin san al'ada. Gidan da babu namiji ba a barin bindiga a ciki. Wajena za ta zauna."

Na san al'adar. Na ga an yi wa wasu matan, ban ce komai ba a lokacin. Sai ya ci gaba. Ya ce tunda babu namiji kuma babu bindiga, gidan nan ba zai zaunu ba. Akwai ɗaki da falo a bayan gidansa a Kafanchan, in kwashe yara mu koma. Za a nema mini canjin makaranta. Gonar kuma a bar ta sai Allah ya kawo sauƙi.

Na ce, "Kun ɗauke bindigar don babu namiji, yanzu kuma za ku ɗauke ni don babu bindiga."

Ya ce, "Kada ki juya magana. Ranki muke so."

Na gode masa. Na ce zan yi tunani. Amma tun kafin su tashi na riga na san ba inda zan je. Waɗanda suka kashe mijina abin da suke so ke nan, a wayi gari gidan ƙarshe ya zama kango, na kusa da shi ya zama na ƙarshe, shi ma ya tashi. Ba zan taya su wannan aikin da hannuna ba.

Ƙaramar bindiga na sa a raina, irin wadda ake riƙewa da hannu ɗaya. Ban taɓa ganin ta da idona ba sai a ƙugun jami'an tsaro. Tunanina shi ne za ta shiga jakar makaranta, tsakanin rajista da littattafan yara, babu wanda zai sani. Dangi ba za su sani ba, Fasto ba zai sani ba.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Kafanchan. Akwai wani maƙeri a bayan kasuwa, Musulmi ne, kakanninsa ma a nan suka yi ƙira. Shi ke yi wa mijina fartanya da garma, shi ke gyara masa bindigar idan ta ƙi tashi. Da ya gan ni ya ajiye guduma, ya wanke hannu, ya yi mini gaisuwa mai tsawo. Ya ce ya so zuwa biso, amma ya ga yadda gari yake, ya ji tsoron kada zuwansa ya ƙara wa wasu zafi. Na ce na gane.

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya dube ni ya ce, "Malama, ke da ko kaza sai an yanka miki?"

Na ce, "Wa ya faɗa maka, Malam?"

"Maigidanki. A kan bencin nan da kike zaune."

Na yi dariya. Ita ce ta farko tun ranar, ta kuma fito da ciwo.

Ya kai ni wani ɗan ɗaki a bayan maƙerar inda yake ajiye bindigogin maharba da aka kawo gyara. Daga cikin wani tsumma ya ciro ƙaramar. Ya ce ba shi ya ƙera ba, ba ya ƙera irinta, wani ne ya kawo a duba masa, shi kuma ya ce ya zo ya ɗauki abinsa. Babu komai a cikinta. Ya miƙo mini.

Ta fi yadda na zata nauyi, amma ta zauna a tafina daram. Na ji daɗin riƙe ta. Wannan ma gaskiya ce, sai in faɗa.

Ya ce in miƙe hannu in nuna ta ga wani tsohon gwangwani a kan katanga. Na miƙe hannun. Ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana kallo, bai ce in sauke ba. Kafin a jima bakin bindigar ya fara yawo, yana zuwa sama yana zuwa gefe.

Ya ce, "Kin kashe akuyar maƙwabcina, kin fasa randa, gwangwani yana nan lafiya."

Na ce, "Zan koya."

Ya ce koyo ba shi ne matsalar ba. Irin wannan sai mutum ya zo kusa har kina jin warin jikinsa, su kuwa mutanen nan ba sa zuwa kusa. Ban da haka, ba a ba farar hula irinmu takardar izinin riƙe ta. Duk ranar da aka buɗe jakata a shingen hanya aka gan ta, ni za a rufe. "Yaran nan sun rasa uba," in ji shi. "Kina so su riƙa kai wa uwa abinci a gidan yari?"

Na ji haushinsa. Na ce shi yana kwana cikin gari, ni ce a bakin daji. Ya ce haka ne, bai musa ba. Ya ɗauko wata doguwa mai baki ɗaya, irin ta maharba, ya ce wannan ana iya neman lasisinta. Na ce ina zan ɓoye wannan sandar? Ya ce, "Ba ta ɓoyuwa."

Na zauna a kan wani buhun gawayi, ƙaramar a cinyata, doguwar a jingine kusa da ni. Na tambayi kaina me nake so bindiga ta yi mini. Ni ba yarinya ba ce. Na san ko wacce na ɗauka, in mutum goma suka zo da irin makaman da suke zuwa da su, ba ni zan tsayar da su ba. To me nake nema? Ina so wanda ke leƙen gari daga kan dutse ya ga gidan ƙarshe da mutum a ciki, mutumin kuma bai yi shirin gudu ba. Ina so wan mijina ya gani. Ina so matan da ke tsoron bin hanyar gona su ga wata ta wuce gaba da abu a kafaɗa. Bindigar da ke ɓoye a jaka ba za ta faɗa wa kowa komai ba.

Na mayar masa da ƙaramar. Na ce, "Doguwar nake so."

Ya ce gindinta ya yi mini tsawo, na namiji ne. Ya ɗauko igiya ya auna daga gwiwar hannuna zuwa yatsa, kamar yadda yake auna mutum kafin ya yanke masa ƙotar fartanya. Ya ƙulla igiyar a inda ta tsaya. Ya ce mai ita tsoho ne da ido ya hana shi farauta, zai yarda ya rabu da ita. Amma ba za ta bar maƙerar ba sai na kawo takarda ya gani da idonsa.

A ofishin da ake neman takardar, wanda ya ba ni fom ya ce, "Madam, ki kai wa Oga ya cika da kansa." Na ce Oga yana kabari, ni zan cika. Ya ba ni biro. Na rubuta sunana, na rubuta aikina, a wajen dalili na rubuta: tsaron gida da gona.

Magana ba ta ɓuya a ƙauye. Ranar Lahadi bayan sujada shugabar zumunta ta ja ni gefe ta ce, "'Yar'uwa, Ubangiji ne mai tsaronmu." Na ce, "Amin, Mama. Ke ma ai kina sa sakata a ƙofarki." Ta buge ni a kafaɗa ta ce bakina bai mutu ba. Da za mu rabu ta tambaye ni a hankali ko fom ɗin yana da wuyar cikawa.

Wan mijina ya zo da kansa a kan mashin. Bai ko zauna ba.

"Matarmu, me nake ji? Mace da bindiga? A gidan ƙanena?"

Na ce, "Baba, taku kun ɗauka, ban hana ba. Wannan tawa ce. Al'ada ta yi magana a kan bindigar mamaci, ba ta ce komai a kan ta mai rai ba."

Ya ce zan sa a yi da su a gari. Ya ce in wani abu ya sami yaran, jininsu a kaina. Wannan maganar ta shige ni, har yau tana nan. Na kawo masa ruwa ya sha, na ce ɗakin Kafanchan ya ba wani mai bukata.

Ƙananan 'ya'yana biyun suna kwana gidan ƙanwata a tsakiyar gari ranakun makaranta, wannan na yarda da shi. Ni ina gidana. Na je ofishin sau uku, kullum a ce in dawo. Maƙerin ya gama rage gindin bindigar, na gwada ta a kafaɗa ta yi daidai, ya mayar ya rataye. Takardar ba ta fito ba har yanzu.