Inna Hure, Wadda Ta Hana a Tuge Rama

Kafin rana ta fara cizo, Inna Hure ta riga ta zagaye lambunta da ke bakin koramar Telwa, a gefen Agadas. Bido, wato jarkar ruwa, a hannu ɗaya, gwangwanin ɗiban ruwa a ɗayan, tana bin dashenta layi-layi, waɗanda ke cikin leda da waɗanda ke cikin tsofaffin gwangwanayen tumatir. Ba ta zuba ruwa sai ta tsoma yatsa cikin ƙasa ta ji. Wanda ya ƙoshi ta wuce shi, wanda ya yi yaushi ta ja shi inuwa tana yi masa faɗa kamar jika. Daga nan sai ta shimfiɗa buhu a bakin ƙofa ta zauna jiran masu saye. Haka muka taso muka same ta, haka kuma 'ya'yanmu suka taso suka same ta.

Tana sayar da lemu da gwaiba da lalle, amma inda ta fi kowa shi ne dangin yakuwa. 'Yan lakwal, wato masu karatun boko, suna haɗa su duka su ce ibiskis, ita kuwa takan ce gidansu ɗaya, halinsu ne ya bambanta. Akwai furen kallo mai ganye sumul yana sheƙi, furensa ja jawur da dogon harshe a tsaka, wanda ba a shuka shi da iri sai dai a yanki reshe a dasa. Akwai yakuwa mai jan kara da mai koren kara, masu ba da ganyen miya da zoɓo da gurguzun daddawa. Sannan akwai rama, doguwa miƙaƙƙiya, mai 'yan ƙayoyi a jiki. Amare nawa ne suka sayi furen kallo wajen wani, suka yi ta ɗura masa ruwan tsada suna jiran zoɓon azumi! In suka zo mata da kuka takan yi dariya ta ce, "Wanga ɗan gayu ne, ɗiyata, ado ya iya, bai san hanyar tukunya ba." Sai ta ba su yakuwa ta gaskiya su tafi da ita.

Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara hazo, Inna Hure ta ce ƙarshen daminar bana za ta miƙa lambun ga ɗan ƙanenta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ayyukanta suna da yawa, amma guda zan faɗa, domin a unguwarmu aka yi, kuma waɗanda suka gani suna nan da ransu. Shi ne yadda wata baiwar Allah ta kusa rasa ɗakin kwananta da sunanta saboda tsiro, Inna Hure ta tsaya mata.

Lokacin da zinariya ta ɓulla a hamada, maza suka yi ta kwararowa daga kudu. Cikinsu akwai Chaibou, mutumin Tasawa, wanda ya kama wa matarsa Ramata hayar ɗaki a gidan Alhaji Ilyas mai sayar da buhunan gero, ya bar ta da 'yarsu Kadidia, ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya nufi ramin haƙa. Can babu rezon waya, sai a yi watanni ba a ji muryarsa ba. Ramata ba ta san kowa a garin ba. Abin da ta zo da shi daga gida, bayan kwanukanta, shi ne ɗan ƙullin irin rama da mahaifiyarta ta ɗaure mata a bakin zane. Da damina ta faɗi sai ta shuka shi a bayan ɗakinta, tana ƙara masa da ruwan wanke-wanke. Rama ta ji daɗi, ta miƙe har ta leƙa bayan katanga.

To, a nan masifa ta shigo. Ramar da mutanen unguwarmu suka sani ita ce mai faffaɗan ganye, yawancinsu ma a faranti suka san ta, an dafa an kwaɗa. Ta Ramata kuwa irin mai sirara-siraran yatsu ce. Wani mai wucewa ya ɗaga kai ya gani, ya tuna da hoton ganyen da samari ke mannawa a jikin kabu-kabu, ya faɗa wa na kusa da shi. Kafin a kwana biyu magana ta gama unguwa: matar ɗan zinariya tana noman wiwi, tana aika wa mahaƙa. Ka ji mutanenmu! Ba wanda ya shiga ya tambaye ta, amma kowa ya san har kamyon da ke ɗaukar kayan. Mata suka daina amsa sallamarta a wajen pampo, aka hana yara wasa da Kadidia, har suka fara kiranta 'yar mai wiwi.

Alhaji Ilyas ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi. Yana da samari a gida, yana kuma gudun ranar da jandarma za su tsaya a ƙofarsa. Ya tsaya daga zaure, bai ko yarda ya matsa kusa da shukar ba, ya ce wa Ramata ta nemi wani wuri kafin Juma'a, in ba haka ba shi da kansa zai kai ƙara. Ta rantse masa rama ce. Ya ce shi ya girmi rama, ya san rama.

Washegari Ramata ta iso lambun Inna Hure idanunta a kumbure. Ba dashe ta zo saye ba, aron adda ta zo yi.

"Mi za ki sara da ita, ɗiyata?" in ji Inna Hure.

"Ramata zan sare, Inna, in ƙone ta, ko Alhaji ya bar ni. Ba ni da inda zan tahi da yarinya. Ko mai ɗakina ya dawo bai san inda zai same mu ba."

Inna Hure ta sa ta zauna, ta ba ta ruwa, ta saurari labarin har ƙarshe. Sannan ta janye addar ta tura ƙarƙashin buhun da take zaune a kai. "Ba ni ba ki," ta ce. "In kika sare ta yau, gobe su ce kin ɓoye shaida. Rama ta mutu, sunan ya zauna miki, ya zauna wa ɗiyarki har girmanta. Shukar nan ita kaɗai ce mai shaidarki a garin ga, kar ki kashe ta. Tashi mu je in gan ta."

Ke ce, Inna Hure, kika bar lambunki a buɗe da rana tsaka, lokacin ciniki, kika bi matar da ba ki taɓa gani ba, kika ratsa layin da kowa ke leƙe ta kafar ƙofa. Ke ce kika riƙe hannunta a gaban masu pampo, da gangan, don su gani. Ba danginki ba ce, ba ta taɓa sayen ko reshe a hannunki ba. Mai hannun sanyi, uwar dashe da baƙi, mu da muka yi shiru a lokacin muna jin kunyarki har yau.

Da suka shiga, Inna Hure ta shafa karan sau ɗaya, ta tsinki ganye ta tauna, ta aika a kira Alhaji. Ya zo yana ɓata rai. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali da kasuwa, sannan ta ce, "Alhaji, ni ma da daga nesa na hango ta, da na tsorata. Ganyen yana ruɗi. Amma dubi nan, yatsunta a haɗe suke a tafi kamar hannun mutum, na wiwi kuwa kowane a ware yake. Shafa karan ka ji ƙaya. Murza ganyen ka sansana, babu warin komi. Ka ɗanɗana ka ji tsami."

Alhaji ya ja da baya ya kare bakinsa da hannu. "Inna, ni in sa abin ga a bakina? Ina da alwala!"

Ta cika bakinta da ganye ta tauna a gabansa ta haɗiye. "To ka tsaya ka gani in zan fara rawa," ta ce.

Ya kusa yin dariya, amma ya danne. Ya ce shi dai idonsa ya ga abin da ya gani, kuma unguwa duka ba za ta yi ƙarya ba. Da wani ne, da ya yi fushi ya gaya masa baƙar magana a nan, magana ta lalace. Inna Hure ba ta yi ba. Ta duba hammatar ganyen, ta ga 'yan ƙulle-ƙullen fure sun fara kumbura, sai ta ce, "Alhaji, alfarma guda nike roƙo. Ka ɗaga mata har ta yi fure. Waccan muguwar ba ta furen da ido ke sha'awa. In wannan ta buɗe ba ka gane ta ba, ni da kaina zan ɗauki kayan yarinyar nan in kai gidana, kuma kar ka sake amsa gaisuwata." Ganin furfurarta ya sa ya yarda, ba don ya gamsu ba.

Juma'a ta zo ta wuce, fure bai buɗe ba. Ramata ta riga ta ɗaure kwanukanta cikin zane, ba ta iya cin abinci. Furen rama kuwa da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yi yaushi, Alhaji kuma da sassafe yake fita kasuwa. Don haka kowace safiya Inna Hure takan biyo ta gidan kafin ta je lambunta, ta duba, ta ce wa Ramata, "Haƙuri, ba ta shirya ba," ta wuce. Nata dashen ya sha ƙishi a kwanakin, wasu ma sun ƙone.

Ranar da ya buɗe, ta tare Alhaji a zaure yana shirin hawa moto, wato babur. Ya biyo ta. Ga fure nan fari-fari mai ɗan rawaya, faffaɗa kamar tafin yaro, tsakiyarsa ja mai duhu. Alhaji ya tsaya ya daɗe yana kallo. Can ya ce a hankali, "Wanga ai furen kuɓewa ne. Irinsa ke bayan ɗakin tsohuwata a ƙauye."

"Ƙanwar kuɓewa ce, Alhaji," in ji Inna Hure. "Ka ga kai ma ka san ta, nesa ce ta ɓoye maka."

Ya sa hannu ya tsinki ganye ya tauna, fuskarsa ta yamutse da tsami. Bai iya cewa a gafarce shi ba, maza irinsa ba su cika iyawa ba. Ya dai dubi ƙullin kayan da ke bakin ƙofa ya ce, "Ramata, kwance kayanki. Ɗakinki ne."

Nan ma Inna Hure ba ta tsaya ba, domin ta san Alhaji mutum ɗaya ne, bakin unguwa kuwa da yawa. Ta sa aka tsinko ganyen, ta zauna da Ramata da matar Alhaji suka dafa, suka kwaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba a kwanukan gidan Alhaji, aka bi layi gida-gida, kowane kwano da fure guda a kan murfi. Gida ɗaya ya mayar da nasa ba a taɓa ba, akwai irinsu a ko'ina. Sauran kuwa suka cinye, wasu har da aiko yara neman ƙari. Tun daga ranar aka koma kiranta Ramata mai rama, ita ma tana amsawa da dariya.

Chaibou ya dawo bayan watanni, ya sami iyalinsa inda ya bar su. Shekaru sun ja. A watan jiya aka ɗaura auren Kadidia da wani malamin lakwal da suka daidaita da kansu, daga wannan gida na Alhaji Ilyas aka ɗauki amarya. Da aka kawo Inna Hure wajen biki tana dogara sanda, Ramata ta durƙusa gabanta a tsakiyar mata tana kuka. Ta ce, "Inna, da dangin ango suka zo bincike, sun bi unguwar nan ƙofa-ƙofa. Kowa ya ce musu ɗiyar Ramata mai rama ce, gidan mutunci. Da kin ba ni addar nan, mi za su ji?"

Mun gode, Inna Hure. Allah ya ba gwiwarki sauƙi, ya sa hutunki ya yi albarka, ya saka miki da inuwar da ba ta gushewa. Mu kuma da muka rage, ba lallai mu iya rarrabe ganye kamarki ba, amma kowannenmu yana da ƙafar da zai taka ya shiga gidan maƙwabci ya tambaya kafin ya faɗa. Duk wanda ya ji ana yayata baƙo a unguwarsu, ya yi abin da tsohuwar nan ta yi: ya je ya duba da idonsa, ya tsaya kusa da wanda ake zargi har gaskiya ta fito.