Saniyar Takarda

Shekarar da na shiga kwaleji a Tanut, ban san kowa ba sai mai masaukina, wani dattijo abokin babana, wanda maganarsa ba ta wuce "ka ci?" Daga wajen Tenhiya na zo, inda muke noma a tsakiyar makiyaya. Yaran gari suna da ƙwallonsu da barkwancinsu, ni kuwa in an tashi hutu sai in jingina da bangon aji ina kallo. Ba abin da nake so a duniya kamar a ce ina da aboki ko guda.

Malaminmu na lissafi, wanda muke ce wa Mushe, wato malam da Faransanci, ya zo mana da sabon abu. Ya ce a ƙasashen Turawa akwai kasuwar da ba a kai mata raƙumi ko hatsi, takarda kawai ake saye, kowace takarda kuma hannun jari ce a wani kamfani. Ya yayyanka kwali, ya ƙirƙiro kamfanin gyaɗa, da na gishiri, da na shanu. Ya raba mu ƙungiya-ƙungiya. Kullum zai rubuta labarin ƙarya a allo, farashi ya hau ko ya sauka, mu kuma mu yi ta ciniki da ihu.

Shugaban ƙungiyarmu ɗan wani mai kanti ne, dogo, mai dariya, kowa na son zama kusa da shi. Ya miƙo mini kwalin shanu ya ce, "Kai, riƙe wannan."

Ranar ko tuwon mai masaukina daɗi ya yi mini. A wajenmu akwai habbanaye: mutum ya ba ka saniyarsa ka riƙa, ka sha nono, 'ya'yan da ta haifa naka ne, daga baya ka mayar da ita. Ba a ba kowa sai wanda ake so da zumunci. Kuma ko gidanka zai kwana da yunwa, ba ka sayar da ita. Na naɗe kwalin a ƙyalle na sa a aljihu.

Sai Mushe ya rubuta a allo cewa damina ta ƙi, shanu suna mutuwa. Aji ya rikice, kowa na neman rabuwa da nasa.

"Sayar! Sayar mana!" in ji dogon.

Na ce, "Ba na sayarwa."

"Me ya sa?"

"Taka ce."

'Yan ƙungiyarmu suka yi ta ja, na dafe aljihu. Fari kam na san shi, na ga mutanen da suka bi dabbar aro da ƙafa har kudu don kada ta mutu a hannunsu. A raina ina cewa zai gane daga baya, ya san irin abokin da ya samu. Farashi ya faɗi ƙasa warwas, ƙungiyarmu ta zo ta ƙarshe, aji ya yi mana ihu.

Da aka tashi na bi dogon har bakin ƙofar lakwal, wato makarantar tamu. Na kwance ƙyallen, na miƙa masa da hannu biyu, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba.

Ya dube ni, ba ma da fushi ba. Ya ce, "Ai wasa ya ƙare, jefar da shi. Kai af, yaya ma sunanka?"

Kafin in buɗe baki an kira shi wajen ƙwallo, ya ruga.