Ranar da na roƙi Allah kada wuta ta dawo

Mai mujalla, bari in rage wa masu karatu wahala tun daga farko: in ana neman wawa a labarin nan, ni ne. Kada a zargi inji, kada a zargi masu wuta. Ni dattijo ne mazaunin Sabon Garin Maradi. Na yi lakwal har aji huɗu, daga nan ni da boko muka rabu ba tare da kowa ya yi kukan rashin ɗan'uwansa ba. Rayuwata ta aiki na yi ta ne ina kai takardu daga wannan ma'aikata zuwa waccan, kuma tun lokacin ba na fita sai da alƙalami huɗu jere a aljihun gaba. Biyu ba sa rubutu, ɗaya marfi ne kawai, amma wanda ya hango ni daga nesa sai ya gyara tsayuwa.

Bayan na ajiye aiki zama ya yi mani yawa. Wata rana ɗiyata da ke aure a Yamai ta nuna mani a salula yadda ake sassaƙa alƙalami da wata roba mai tauri, mai sheƙi kamar gilashi, wadda ake kira akirilik. Ana huda guntun robar, a manna bututun tagulla a ciki, a zura a sandar ƙarfe, inji ya riƙa juya ta, kai kuma kana shafa mata kaifi har ta yi siffa. Na ce ai wannan ko da ido rufe. Ta ɗauka wasa nake, ni kuma na dage har ta aiko mani da robobin da kayan haɗi. Injin juyawar kuwa wani mai walda ya haɗa mani da tsohon injin ban ruwa da na samo a Jiratawa. Injin da ya saba jawo ruwan da ke shayar da gona guda, shi na ɗora wa aikin juya abu kamar ɗan yatsa. Makunnin kuma mai walda ya kafa shi a bango kusa da ƙofa, taku uku daga inda nake tsayuwa, na ce ya yi kyau a nan.

Ina da aboki a Tsibiri, Kirista ne, mushe, wato malamin lakwal, mai ritaya. Benci ɗaya muka zauna a lakwal, shi ya wuce, ni na tsaya, kuma shekaru sama da hamsin ke nan bai bar ni na manta ba. Da ya zo ganin injin ya tarar da ni cikin babbar riga, zaren roba ya lulluɓe ni kamar an juye mani taliya. Ya ce in tuɓe rigar in sa ƴar shara, inji ba ya sanin Alhaji. Na ce masa ni ba yaron gareji ba ne da zan tsaya haka a gaban iyali. Ya yi dariya, ya ce duk ranar da na fitar da alƙalami mai rubutu zai sa hannu da shi ya shaida na gama aji biyar. Muka aje magana a kan Juma'a.

Robobi shida na fasa kafin in gane abin ba ƙarfi yake so ba. In ka danna ƙarfen sassaƙa sai ta tsage ta watso maka a fuska, in ka daɗe wuri ɗaya ta yi zafi ta narke. Ga wari kamar ana ƙona bokiti. Uwargida ta yi ta mita, wai warin ya shiga har cikin furarta, ga zare ko'ina a tsakar gida. Saboda haka na koma kulle kaina a ɗakin zaure, in saka sakata ta ciki, don kada a riƙa leƙo ni ana ƙirga mani asara.

Ranar Juma'ar alƙalami na bakwai ya fito, shuɗi mai ratsin fari, saura gogewar ƙarshe da jiƙaƙƙiyar takardar yashi. Na yi wanka, na saka shaddata fara mai aiki a wuya, wadda ɗiyata ta ɗinka mani da salla, na kama hanyar masallaci. A bakin zaure zuciya ta ce mani shafa ɗaya tak, don kada mushe ya samu abin faɗa. Na shiga, na saka sakata bisa sabo, na kunna, na aza hannun riga a kafaɗa na sunkuya.

Ban ga lokacin da ya zame ba. Ji na yi kawai an fizge ni. Sandar ta kama bakin rigar ta naɗe, ta naɗe, hannuna na dama ya manne da ƙarfe, wuyan rigar ya murɗe ya shaƙe ni, kumatuna ya dangana da teburi. Injin yana gurnani yana ƙara ja, ina jin ɗinki yana ɓarkewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ɗif, wuta ta ɗauke.

Na yi hamdala, sannan na tuna makunni yana nan a kunne. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san wuta ba ta sallama in za ta dawo. Tana iya yin yini, tana iya yin minti biyu. Na miƙa hannun hagu, tsakanina da bango kamar tsakanin Maradi da Yamai. Na miƙa ƙafa, takalmi ya fita. Na gwada juya sandar baya, rigar ta cushe ta ƙi motsi. Ƙarafan sassaƙa suna kan kanta, salula tana caji a taga, ina ganinsu duka, ba wanda zan iya taɓawa. Aka fara huɗuba, ina jin lasifika, na san duk namijin unguwa yana masallaci. Ni da na shekara ina tsine wa ɗaukewar wuta, ga ni goshi a teburi ina roƙon Allah Ya riƙe ta har la'asar.

Kuma ku ji wauta: ko a hakan ban yi ihu ba. Gyaran murya na riƙa yi, irin na maigida mai neman a kawo masa ruwa. Ina tunanin yadda matan unguwa za su tarar da ni a dunƙule kamar ragon da aka ɗaure za a kai kasuwa. Yatsuna suka fara mutuwa, gumi yana shiga idona, numfashi sai na ɗaga haɓa. Sai ƙwan fitilar da ke sama ya yi ja ya mutu. A nan girma ya ƙare. Na kwarma kiran da ban taɓa yi wa uwargida irinsa ba tun aurenmu.

Ta zo ta leƙa ta taga. Na ce ta nemo taɓarya ta karya ƙofa, maza. Ta dube ni, ta dubi injin, ta dubi bango, ta juya. Na ji takunta yana nisa. Wallahi na ɗauka fushin fura ne take ramawa. Ina cikin haka na ji injin niƙan maƙwabta ya tashi, rediyon wani gida ya kama magana. Wuta ta dawo. Na runtse ido na yi kalmar shahada, ina jiran a karya mani hannu ko wuya. Shiru. Injina bai motsa ba. Ashe kwantar, wato mitar wutar gida, ta je ta kashe.

Sai ga ƙarar babur, mushe ya iso karɓar alƙalaminsa, shi kaɗai ne namijin da ba ya sahu a wannan sa'a. Su biyu suka ɓalle sakata da taɓarya. Uwargida ta sa almakashi ta tsarge shaddar tun daga wuya har ƙasa, ina cewa ta bi ɗinki, tana yi kamar ba ta ji. Na fito daga ni sai wando da singileti, a gaban mutumin da na ce wa ni ba yaron gareji ba ne. Bai yi dariya ba sai da ya ga yatsuna sun motsa, amma da ya fara sai da ya zauna ƙasa. A gidan likita suka ce targaɗe ne da ƙujewa. Har yau yatsu biyu ba sa lanƙwasa sosai, Juma'ar nan kuma ta wuce ni.

Ban bar sana'ar ba, amma ga abin da zan faɗa wa duk mai sha'awar farawa, musamman tsofaffi irina. Tuɓe babbar riga, cire carbi da agogo. A kafa maka makunni inda hannunka zai kai ko kana durƙushe. Kada ka kulle kanka, gara a gan ka kana fasa roba da a tarar da kai. Kuma in abu ya kama ka, yi ihu da wuri, girman da kake tattali ba ya kwance riga.

Da na warke na so in ɗan maido da martabata. Muna zaune da mushe, uwargida ta kawo mana shayi, na ce abin mamaki, mace ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba amma ta san zancen kwantar, lalle zama da mai ilimi ya yi rana. Ta aje tire, ta ce: "Alhaji, ko yarinyar da ke koyon tuwo ta san a ɗaure zane kafin a tunkari murhu. Wannan a aji biyar ake koyar da shi?"