Takin Saulawa da Gidan B2

A zamanin soja, lokacin da taki ya fi nama wuyar gani, ina aikin buga takardu a sashen gona na ƙaramar hukumarmu a Ikara. Kwamfuta ɗaya gare mu, ni ce mai taɓa ta. A cikinta nake lissafa buhunan takin da kowace gunduma za ta samu.

Shafin lissafin a allon kwamfuta an raba shi gida-gida kamar dara, kowane gida da lambarsa. Ni lambobin nan ba sa zama a kaina, sai na riƙa raɗa wa gidajen suna. Gidan da ke ɗauke da buhun da za a ba kowace kadada, wato B2, na kira shi Rabo. Ko ina na kai lissafin, kadada sau Rabo ne, ko makaho ya laluba zai gane.

Sai aka turo mana wani gwani daga Kaduna, da kwat a cikin zafin bazara. Ya leƙa allon ya yamutsa fuska.

"Malama, kwamfuta ce wannan ko zanen suna? Masana B2 suke rubutawa."

Ya ture ni daga kujera. Ya goge Rabo ya sa B2, ya kwafi lissafin daga gundumar farko har ta ƙarshe, yana fito. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Suna yana nan inda aka ɗaure shi, amma lamba tsirararta, in ka kwafe ta ƙasa, ita ma sai ta gangara: B3, B4, haka dai. A gidajen da ke ƙarƙashin Rabo na ajiye rabon shekarun baya, don haka gundumar Janfalan da sauran suka fito da adadi mai kama da gaskiya. Saulawa ce a ƙarshen layi. Tata ta faɗa gidan da babu komai, ta tashi da sifili.

A Saulawa aka haife ni. Gonar mahaifina tana can.

Na ce, "Yallaɓai, dubi nan, Saulawa ba ta da ko buhu ɗaya."

"Kwamfuta ba ta kuskure," in ji shi. Ko kallon allon bai yi ba.

Kafin azahar kantoma ya sa hannu, shi da ba ya karanta abin da ya wuce layi biyu. Abin da mai kaki ya sa wa hannu kuwa, wa ya isa ya ce a gyara? Na kai kuka wurin shugaban sashe, ya ce in rufa masa asiri, yana da iyali.

Da damina ta yi nisa na je gida. Masarar Baba ta yi rawaya, ko ƙuguna ba ta kai ba. Ya ce, "Ke da kike ofishin, laifin me muka yi wa gwamnati?"

Gwanin ya koma Kaduna da takardar yabo. Ni kuwa faifan da na adana lissafina na farko yana nan a ƙasan akwatina har yau. A cikinsa Saulawa tana da takinta cif.