Masai Shida da Suka Kai Ni Maiduguri

Ana idar da sallar asuba ranar Talata muka bar Kano, mu uku a mota: ni, da direba, da abokin aikina injiniyan rodi da kankare. Raina a ɓace na shiga motar, kuma gara in faɗa muku dalili tun yanzu.

Aikina shi ne haɗa zanen gini a kwamfuta. Akitek ya zana ɗakuna, injiniyan rodi ya zana ginshiƙai da bim, wato gadar kankaren da ke ɗauke da bene, mai wuta ya ja wayoyinsa, mai ruwa ya ja bututunsa. Kowa a ofishinsa yake yi. Ni nake ɗora su kan juna su zama gini guda, in shiga in zagaya a allo, duk inda aikin wani ya soki na wani sai manhajar ta nuna ja. Wannan karon wani ƙaramin asibitin haihuwa ne mai hawa ɗaya ake ginawa a unguwar Dala. Da na haɗa zanen, ja shida suka fito. Bututun masai shida na saman bene, kowanne ya ratsa tsakiyar bim. Injiniyan ruwa, wani dattijo mazaunin Maiduguri da ban taɓa gani ba, ya juya masan daga yadda akitek ya ajiye su. Ga shi ranar Alhamis za a zuba kankaren benen. In aka zuba a haka, sai dai a zo da guduma a fasa bim, kuma bim ɗin da aka fasa ba ya komawa daidai.

Na kira shi bai ɗauka ba. Sai na rubuta a zaurenmu na waya, inda har masu asibitin suke, cewa wanda bai iya karanta zane ba ya bar wa waɗanda suka iya. Amsarsa kalma biyu ce: "Zo gani."

Daga Wudil zuwa Azare hanyar ba laifi, amma ni ban ga komai ba sai agogo. Kwamfutar na kan cinyata, ina buɗewa ina rufewa, kamar jan zai gaji ya tafi da kansa. A Azare muka sha fura da nono, furar da a da ake ba ka ƙwarya guda yanzu sai ka leƙa ƙasan kofi kafin ka ganta. Abokina ya tsaya cinikin tsire, na ce masa in har aka rufe hanyar shiga Maiduguri da yamma muna waje, shi zan gasa. Ya cinye tsirensa bai ko sam mini ba.

A Potiskum tirelolin shanu suka tare mu. Direba ya kashe mota ya jingina, ni kuwa na fita na dawo ya fi sau biyar. Bayan Damaturu hira ta mutu. Shingen bincike bayan shingen bincike, a sauke gilashi, a nuna kati, a buɗe but. A wani shingen wani jami'i ya tambayi abin da ke cikin kwamfutar, na ce asibiti ne. Ya dube ni da kyau, ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Mun shiga gari da la'asar sakaliya. Abin da ya fara tarbar mu inuwar darbejiya ce jere a bakin titi, sai Keke Napep ko ta ina, sai zafin da ke shiga har cikin takalmi. Muka sauka kusa da Kasuwar Kwastam, inda ƙamshin turaren wuta da na bandar kifi ke kokawa a hanci guda. Aka kawo mana burabusko da miyar kuka da kifi. Abokina ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Ni cokali uku na yi, ina ta shirya maganar da zan gasa wa dattijon nan.

Da safe muka isa filin. An kafa katako, an shimfiɗa rodi, siminti da tsakuwa suna jiran gobe. Foman, wani Babarbare dogo, ya tarbe mu da "Wushe, wushe," ya ce Baba Injiniya ya tafi Khaddamari duba rijiyar burtsatse, yana hanya. Yana hanya har ƙarfe ɗaya. Na zagaya ginin nan har leburori suka fara matsa mini hanya tun kafin in iso.

Ya zo a kan tsohon babur, ɗan siriri, da furfura, da ƙaramin gicciye a wuya. Mutumin kudancin Borno ne, foman ya ce, amma a garin nan ya tsufa. Ban bari ya gama gaisuwa ba na buɗe kwamfutar a kan buhun siminti. Na juya masa ginin, na shiga ta rufi, na nuna masa jan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya sa tabarau ya kalla har na gama.

"Na'urarka tana da ido, ɗana," in ji shi. "Amma an kira sallarku. Je ka yi, ina nan."

Na tafi ina huci. Masallacin ma'aikatan ba wani gini ba ne, bulo ne aka jera a ƙasa a gefen ginin, aka baza buhunan siminti. Na bi sahu. Muna sallamewa na ga Baba a saman bene yana yafito ni. Na hau tsanin katako, ya kai ni kusurwar da za a yi banɗakunan, inda ya zana masai biyu da alli a kan katako, ɗaya yadda akitek ya so, ɗaya yadda shi ya juya.

"Tsaya a kan na akitek, kamar za ka tsuguna," ya ce. "To, ɗaga kai. Ina kake kallo?"

Na ɗaga kai. Ƙasa a gabana wasu leburori biyu da suka makara suna ruku'u, ni da su muna fuskantar wuri guda sak. Alƙibla.

A takarda filin a miƙe yake, saman takarda kamar arewa. A ƙasa kuwa titin unguwar a karkace yake, ginin ya bi titin. Mu huɗu, ni da akitek da abokina da mai wuta, muka duba zanen nan a Kano, dukanmu masu salla, ba wanda ya lura.

"Ranar da na ga sahun ma'aikatan nan na gane," in ji Baba. "Shekara talatin ina sa wa mutanen garin nan masai. Matan da za su kwanta a nan, in suka gane inda yake kallo, wallahi ba mai shiga. Mai jego za ta sauko da bokiti ta nemi bayan katanga."

Na ce, "To Baba, me ya hana ka rubuta?"

"Na zaci abin da kowa ya sani ne. Ni zan koya muku alƙibla?"

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Amma bim yana nan, gobe kuma Alhamis. Muka zauna mu uku a kan katako, kwamfuta a tsakiya. A nan na'urar ta biya kuɗinta. Huɗu daga bututun, Baba ya matsar da raminsu taƙi guda ya sa musu gwiwar bututu, suka wuce ta gefen bim. Biyu suka ƙi. Abokina ya yi ta lissafi yana goge gumi, ya ce bim ɗin da ya tare biyun nan ƙarami ne, ana iya matsar da shi in an ƙara rodi. Na gyara, na sake haɗawa, ja ya ɓace. Kafinta ya zo yana mita da Barbarci, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na san da ni yake. Kafin magariba an cire katakon an sake bugawa.

Ranar Alhamis na tsaya har aka zuba kwanon kankare na ƙarshe. Sannan na koma zauren nan na waya, a gaban duk waɗanda suka karanta rashin kunyata, na rubuta cewa ni ne ban iya karanta zane ba, Baba ya yafe mini. Ya amsa a taƙaice kamar kullum: "Ba komai, ɗana. Sauka lafiya."

Juma'a da sassafe muka kamo hanya, but cike da bandar kifin da ya cusa mana dole. Sai a dawowa na ga garuruwan da na wuce ido rufe. Abin da na koyo bai da yawa: ina haɗa zanen mutum huɗu, na manta da waɗanda za su shiga ginin. Yanzu layin alƙibla nake fara ja kafin in ɗora zanen kowa.

Na iso gida bayan la'asar. Ko jakata ban ajiye ba na buɗe manhajar alƙibla a waya, na wuce banɗakinmu, wanda ni na zana shi da hannuna. Matata ta biyo ni tana tambaya ko cikina ne ya ɓaci a hanya. Na tsaya ina kallon kibiyar da ta nuna daidai inda masan ke kallo, na ce mata ta nemo mini lambar mai gyaran famfo.