Hambali Mai Gonar Hoto

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kura zuwa Bunkure da rani ya ga gonar Hambali. Tana daidai inda ƙaramin kanal na ban ruwa ya ratsa ƙarƙashin titi, eka biyu, kore shar kamar an wanke ta da sabulu. To, amma cewa "gonar Hambali" ɗin nan da gyara. Ta wani Alhaji Uba ce, wanda ya koma birni sayar da yadi tun Hambali yana saurayi, ya ce masa, "Riƙe ta, kada ta mutu." Ba takarda, ba shaida sai mai unguwar wancan zamanin, shi ma ƙasa ta daɗe da rufe masa ido. Kowace kaka Hambali yakan ɗora buhu biyu na shinkafa shanshera a mota ya kai gidan Alhaji a Kumbotso, a sa masa albarka, ya sha ruwa ya dawo. Shekara ashirin da bakwai ana haka.

Daga gonar nan ya auri Tambaya. Daga ita aka raɗa wa 'ya'ya bakwai suna, daga ita aka sayi likkafanin biyu. Damina shinkafa, rani tumatir da albasa, ƙafarsa kullum cikin ruwa har faratansa suka gaji suka daina fitowa.

Kyan gonar da kusancinta da kwalta su suka ja masa suna. Duk shirin tallafin noma da aka tsara a Abuja, in an tashi nuna wa manya, nan ake kawo su, don manya ba sa son takalminsu ya gaisa da laka. Sai a kafa allo mai rubutun Turanci. An yi na alkama, an yi na shinkafa, an yi wani da har allonsa ya yi tsatsa ba a gano na mene ne ba. A miƙa wa Hambali buhun taki ya runguma, a ce ya yi murmushi, a ɗauki hoto, sannan a karɓe buhun a mayar bayan mota, domin gobe ana bukatarsa a Garun Mallam. Yakan ce shi da buhun nan sun shaƙu, har facin da ke gindinsa ya sani. Allunan kuwa Tambaya ta rufe garken awakinta da su. Nasa takin a kasuwa yake saye, tiya-tiya, da tsadarsa, don sunansa bai taɓa fitowa a jerin masu tallafi ba ko da kuskure.

Bana sai malamar gona, Emmanuella, wadda ta shekara goma a Kura har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari, ta same shi yana ban ruwa.

"Baba Hambali, wannan karon da gaske ne."

"Malama, na bara ma da gaske ne. Akuyata na kwana a ƙarƙashin allonsa."

"A'a, tsaya ka ji. Yanzu gonar za a auna da na'ura, a haɗa ta da sunan manomi da lambar wayarsa. Taki rabin kuɗi, iri, har injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Abu ɗaya ake so: mai aron gona ya kawo takardar yardar mai ita."

Alhaji Uba ya shekara uku da rasuwa. Gidan yana hannun ɗansa Jamaluddeen, mai shagon kayan waya, wanda rabonsa da Kura tun yana goye.

Da ya koma gida ya ce zai je wajen Jamaluddeen, Tambaya ta ce, "Malam, yaron nan ya manta da gonar nan. Buhunan ma da kake kaiwa, ina jin ya ɗauka zakka ce. Ka je wajen mai unguwa ya buga maka hatimi, kowa ya san kai ne a cikinta."

"In sa sunana a kan ƙasar marayu ba da saninsu ba? Ranar da aka kwantar da ni, ke za ki amsa?"

"Ni dai na faɗa."

Ya cika kwando da zaɓaɓɓen tumatir ya nufi Kumbotso. Da ya ce "sa min hannu a nan" ya yi shiru, da ya dawo da gonarsa. Amma Hambali bai iya gajeruwar magana ba, musamman a kan ƙasar nan. Ya zauna a bencin shago ya kwashe komai ya faɗa: buhu nawa take bayarwa, yadda ruwa ke isowa gare ta kafin na kowa, takin da za a bayar, injin da ko ɗigon fetur ba ya sha. Jamaluddeen da ke latsa waya ya ajiye ta a hankali.

"Baba, injin nan, na wanda sunansa ke kan gonar ne?"

"Nasa ne, Alhaji ƙarami, har abada."

"To, bar min takardar. Zan shawarci 'yan'uwa."

A mota Hambali ya riƙa jin daɗi, wai yaron akwai hankali, ya saurare shi tsaf.

Bayan sati biyu Jamaluddeen ya sauka a bakin gona cikin farar shadda da sabon takalmin roba mai takardar kuɗi a jiki. Ya durƙusa ya gaida Hambali yadda ya kamata, sannan ya ce magada sun zauna, sun ga lokaci ya yi da za su raya abin da mahaifinsu ya bari. Ba sa son cutar da kowa. Hambali ya kwashe tumatirinsa tukuna, sannan su karɓi gonar.

Hambali ya je wurin mai unguwa. Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu, ya ce aro dai aro ne, ko ya shekara ɗari. Da ya koma gida Tambaya ta zuba masa tuwo ta koma ɗaki. Ya fi son da ta yi faɗa.

Ranar awo Emmanuella ta zo da na'urarta. Aikin sai an taka iyakar gona da ƙafa daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta ce wa Jamaluddeen bismillah. Ya yi gaba da ƙarfinsa, taku goma ya faɗa albasar maƙwabci. Manoman da suka taru suka sunkuyar da kai. Ya juyo yana goge gumi.

"Baba, don Allah ko za ka nuna mana?"

Hambali ya ajiye fartanya ya shige gaba. Ya bi da su ta bakin kanal, ta gindin zogale, ta tsohuwar kunyar da ta raba su da maƙwabci. Wani wurin ma har ya ce, "Malama, matso ciki, nan ba namu ba ne." Da suka dawo inda suka fara, Emmanuella ta tsaya da yatsa a kan na'ura, ta dube shi.

"Sunan manomi?"

"Rubuta, Malama. Jamaluddeen Uba."

Tumatir ya ƙare a ƙarshen rani. Injin ya zo, ya kwana biyu a gona, ya wuce Kumbotso. Gonar kuma an ba wani ɗan birni haya. Hambali, da shekara hamsin da takwas, yana bin 'yan ƙwadago dashen shinkafa, a biya shi da yamma, masu gona suna cewa Baba ya iya aiki amma ba shi da sauri.

Talatar da ta wuce ya biyo ta titin a kan keke, ya hango ruwa ya kwanta a kusurwar gabas ta gonar, ciyawa ta toshe mafitarsa, shukar ta fara yin rawaya. Aikin minti biyar ne. Ya sauka, ya jingine keken, ya naɗe ƙafar wando ɗaya. Sai ya tsaya. Ya daɗe a tsaye a bakin kwalta, motoci na wucewa. Daga nan ya warware wandon, ya hau kekensa.