Ranar da Aka Sako Mana Ruwa

Talata ce, ranar da ruwan kanal ke zagayowa layinmu. Mun daɗe muna jira, tumatir har ya fara langaɓewa. Da muka idar da Asuba, ni da Baba muka sha koko, muka saɓi fartanya sai gona, can bayan Kura. Muka buɗe bakin kwami, fangalin shuka, muka zauna jiran ruwa. Baba yana ta tsokanata, wai na yi aure amma har yau ban iya datse ruwa ba.

Wajen ƙarfe bakwai muka ji babura. Na ɗauka dillalan tumatir ne. Sai harbi. Sai hayaƙi daga rumfunan kwanduna. Ɓarayin shanu ne. Shanun huɗa suka zo kora, wanda suka tarar kuwa ya shiga uku.

"Ku kwanta!" in ji wani daga cikinsu.

Baba bai kwanta da wuri ba, gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Wani ya wuce a babur ya kai masa sara da adda a cinya. Ko waiwaye bai yi ba. Dariya ma yake yi.

Na ja Baba cikin alkamar maƙwabcinmu, ta bushe tana jiran girbi. Na tuɓe rigata na danne wurin. Shi ya koya mini haka tun ina yaro, duk ranar da lauje ya yanke ni. Jini yana da nasa magina. In ka danne ka yi haƙuri, sai ya yi kauri, ya yi guda, ya toshe bakin ciwon da kansa, yadda laka da ciyawa ke toshe kwata. Sharaɗi dai kada ka ɗaga ka leƙa, kada kuma ruwa ya taɓa.

Ban leƙa ba. Wajen takwas rigar ta daina jiƙewa. Ta yi tauri, ta manne. Wallahi na ji daɗi, har na yi hamdala.

Sai suka cinna wa alkamar wuta.

"Ku fito ko ku gasu!"

Na goya Baba cikin hayaƙi zuwa kwalbatin da ke ƙarƙashin hanya, inda ruwan kanal ke bi. A bushe yake. Muka shige, muka kwanta. A samanmu suka tara shanun. Muna jin kofato, muna jin takalma.

Ƙarfe tara na ji wata ƙara daga nesa, wadda duk manomin rani ya sani. Mai buɗe ƙofar ruwa yana can sama, bai san abin da ake ciki ba. Mutumin da bai taɓa cika alkawari ba, ranar ya cika.

Ruwa ya shigo. Ya kai idon sawu, ya kai ƙugu. Na yi ƙoƙarin ɗaga ƙafar Baba, rufin ya hana. Rigar ta yi laushi. Na ji gudan jinin ya sulluɓe daga ƙarƙashin tafina kamar hanta. Na ƙara dannewa, ruwa yana wankewa. Na so in yi ihu. Baba ya sa hannu ya rufe mini baki.

Hannun yana nan a bakina har ya yi sanyi.

Sai da aka kira Azahar baburan suka tafi. Na fito da shi. Bai da nauyi.

Ruwan da ya bi ta kanmu gonarmu ya nufa, ya shiga kwamin da Baba ya buɗe da hannunsa. Tumatir ya yi kyau a shekarar, kowa ya faɗa. Ban ci ko ɗaya ba.